Wani Yaro Ne Ya Yi

Motata lafiyarta ƙalau, ni ne dai ido ya rufe na ce ƙwaƙwalwar da kamfani ya sa mata ba ta yi mini ba. Na cire ta, na ɗaura irin wadda ake jona wa kwamfuta, mutum ya tsara mai da wuta da hannunsa. Kwana uku ina jin kaina injiniya. A na huɗu mota ta fara misin. Da allurar gudun inji ta haura 3,000 sai ta sarƙe, salansa ta yi harbi, masu tafiya a ƙasa su watse.

Na jona na'urar duba laifi, ina jiran ta nuna mini lambar laifi irin P0301 ko P0303, in san silindar da ke yajin aiki. Shiru. Ashe ƙwaƙwalwar kamfani ce mai wannan tsegumin, don tana lura da yadda gudun karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ke sarewa duk sanda wata silinda ta ƙi kamawa. Tawa sabuwar ba ta kai ƙarar kowa, sai dai ta zubo maka zane-zane ta ce ka ji da su.

A cikin zanen na ga sensar salansa tana tsalle daga 14.7 zuwa 19, wato a ganinta iska ta rinjayi mai. Na ce to, yunwar mai ce. Na ƙara mai. Ba ta daina ba, na sake ƙarawa. Alhali sensar nan iskar oksijin take shinshinawa: in silinda ba ta kama ba, iskar sai ta fita ɗanya, sensa kuma ta rantse mai ya yi kaɗan. Da na kwance fulogai, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na sauya wa koyil, masu ba fulogi wuta, wuri, na ɗaya ya koma na biyu. Misin bai bi shi ba. Duk da haka na sayi sababbi huɗu, don zuciya ta huce.

Daga ƙarshe na kai wa wani dattijon mai wayarin. Ya sa tabarau ya leƙa kwamfutar, ya nuna mini inda gudun inji ya faɗi sifili cikin ƙiftawar ido, ya kuma zabura sama.

"Inji ba ya haka, ɗana. Ƙwaƙwalwar ce ke ɓata lissafin haƙora."

Faifan karanshaf ɗina mai gurbin haƙora 36 ne, an cire haƙori ɗaya, da wannan giɓin ƙwaƙwalwar take gane inda fistin yake. Ya bi wayar sensar da ke ƙirga haƙoran da yatsa, sai ya tsaya cak. An ɗaure ta tamau da wayoyin koyil, ɗauri takwas reras, gwanin sha'awa. Duk tartsatsin da koyil ya yi, sai ta ɗauka haƙori ne.

"Wa ya yi wannan kitson?"

"Wani yaro ne, Baba."

"Yaron akwai tsafta. Shi ya sayo fulogan da ba su da harafin R ma?"

Na ce shi ne.

Ya yanke ɗaurin, ya raba wayoyin, ya sa fulogai masu R, masu kashe hayaniyar wuta. Misin ya ɗauke. Sai dai hayaƙi baƙi ya turnuƙe mu, man da na yi ta ɗura mata ne.

"Mayar da tsarin farko. Ai ka adana shi ko?"

Na duba kwamfuta, na sake dubawa.

"Baba, yaron nan bai adana ba."