Igiyar teku ba ruwan tsakiyar teku take turowa gaɓa ba

Rannan a teburin mai shayi a Ƙofar Mata wani ya nuna mana bidiyon bakin tekun Legas, ya ce ruwan tsakiyar teku ne ke kwararowa gaɓa. Da yawa haka muke zato, amma ba haka ba ne.

Ka je madatsar ruwa ta Tiga ka ɗora ƙwarya a kan ruwa. Igiya za ta zo, ƙwaryar ta ɗaga, ta ɗan yi gaba, ta sauka ta dawo kusan inda take. Ruwan kewayawa yake yi a wurinsa. Ƙarfin da iska ta zuba masa shi ke tafiya.

Kuma tafiyar ba kaɗan ba ce. A 1963, masanin teku Walter Munk da abokan aikinsa sun bi sawun igiyoyin guguwar kudancin tekun Pasifik har Alaska. Shi ya sa igiya kan yi girma a Legas ranar da ko ganye ba ya motsi.

Masu hasashen girman igiya da kwamfuta abu uku suke lissafawa: ƙarfin iska, daɗewarta tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa. Masunta da matuƙa jiragen ruwa da wannan lissafi suke tsare rayukansu.