Girman ƙarin sankarar mama: lambar da hoto ya bayar kiyasi ce

A jinyar sankarar mama, 'yan milimita kaɗan na iya sauya tsarin magani gaba ɗaya. Tsarin TNM da likitoci ke bi wajen tantance matakin cutar ya sanya ƙarin da bai wuce santimita 2 ba a rukunin T1, wanda ya haura 2 har zuwa 5 a T2, wanda ya zarce 5 kuma a T3. Kafin tiyata, daga hoto ake samun wannan lamba, kuma tana cikin abubuwan da ake dubawa wajen yanke shawarar cire ƙarin kaɗai, ko cire maman duka, ko fara ba da maganin kemo, mai kashe ƙwayoyin sankara, domin ƙarin ya ragu. A ganina, ana yarda da wannan lamba fiye da yadda ta cancanta.

Kowace na'ura tana da nata rauni. Mamogaram, wato hoton X-ray na mama, yana nuna ƙari sosai a maman da kitse ya yi wa yawa, amma idan naman ya yi kauri, kamar yadda aka fi samu a mata masu ƙarancin shekaru, ƙarin da naman duk fari suke fitowa, sai iyakarsa ta ɓace. Sikanin, wato hoton da ake ɗauka da igiyar sauti (ultrasound), ya fi sauƙin samu, sai dai yakan rage girman ƙari, musamman babba, kuma sakamakonsa ya dogara ƙwarai da gwanintar mai riƙe da na'urar. MRI, hoton da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, wanda ake yi bayan an yi allurar sinadarin gadoliniyom, shi ne ya fi kusantar girman gaskiya a yawancin bincike, amma yakan zarce, domin lafiyayyen nama ma yana iya shan sinadarin ya haska.

Matsalar ta fi tsanani a nau'in sankarar da ke farawa daga gurbin samar da nono, wadda ta kai kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na sankarar mama mai kutsawa cikin nama. Ƙwayoyinta ba sa dunƙulewa wuri guda, jeruwa suke yi ɗaya bayan ɗaya suna ratsa naman, don haka mamogaram da sikanin kan nuna ɗan abu alhali cutar ta bazu. A nan MRI yana da amfani na haƙiƙa.

To me zai hana a yi wa kowace mai jinya MRI? Gwajin COMICE da aka gudanar a Birtaniya kan mata sama da 1,600, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2010, ya nuna cewa ƙara MRI kafin tiyata bai rage yawan komawa ɗakin tiyata ba, domin kusan kashi 19 cikin ɗari ne aka sake yi wa aiki a ɓangarorin biyu, wato waɗanda aka yi wa MRI da waɗanda ba a yi wa ba. Ga kuma haɗarin cire maman da za a iya ceta saboda wani haske da daga baya aka gano ba sankara ba ce. Shi ya sa nake goyon bayan a keɓe MRI ga inda yake da tasiri, wato irin wancan nau'i mai bazuwa, da mama mai kaurin nama, da lokacin da mamogaram da sikanin suka saɓa wa juna, da auna abin da ya rage bayan kemo, kuma a ɗebi nama a gwada duk sabon abin da ya nuna kafin a faɗaɗa tiyata.

Haƙƙin mai jinya ne likita ya sanar da ita tun farko cewa awon ƙarshe shi ne wanda ɗakin gwaje-gwaje zai yi a kan naman da aka cire, kuma matakin cutar na iya hawa ko sauka bayan fitowar sakamakon. Ko shi wannan awon yana da ɗan gibi, saboda nama yakan ɗan tsuke a cikin sinadarin fomalin da ake adana shi, kuma yadda aka yanyanka shi yana shafar tsawon da za a auna.