Zaure na amarya ne, 'yan mata su tafi rana

Wanda ya sa hannu a takardar ba da hayar zauren wasanni ranar Asabar ɗin nan, Allah ya sa yana karanta wannan. Ba zan kama sunan makarantar ba, kun santa, wanda bai sani ba ya tambayi maƙwabcinsa. Raini ne. Tun shekaranjiya nake juya abin a raina ina neman wani suna mai laushi da zan sa masa, na rasa. Raini ne tsagwaronsa.

Wata guda cur takarda na manne a allon sanarwa: wasan buɗe kaka na ƙungiyar mata ta ƙwallon kwando, ƙarfe huɗu na yamma, a zaure. Yaran nan sun shafe makonni suna fita atisaye daga sallar asuba, cikin wannan sanyin na hunturu, kafin su wuce lacca da gumi a jika. Sai safiyar Asabar, wajen ƙarfe tara, saƙo ya faɗo a WhatsApp cewa wasa ya dawo ƙarfe sha biyun rana, a filin simintin nan na bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Wai masu ƙawata wuri za su shiga zaure da wuri, akwai dinar biki da daddare. Madalla. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Ni ba ni da rigima da amarya, kuɗinta ta biya. Da wanda ya karɓa nake.

Na taso daga Unguwar Rimi a gurguje, a Keke. Abin da na fara gani da na isa shi ne 'yar yayata, doguwar gidanmu, riƙe da tsintsiya. Ita da wasu su uku suna share tsakuwa da ledojin ruwa daga filin da za su buga wasa a kai, sanye da rigunan wasa. Layin fenti ya goge, kocinsu na durƙushe yana sake ja da alli. Ragar kwando ɗaya ta tsinke ta gefe, wata yarinya ta hau kafaɗar 'yar'uwarta ta ɗaure da igiyar takalmi. Baƙin da suka zo daga wata makarantar suna zaune a ƙasa ƙarƙashin dalbejiya guda ɗaya tal, suna kallon ikon Allah. Ta can gefe kuma ana ta shiga da kujeru masu farin yadi da furannin roba cikin zauren da aka gina don ƙwallo.

Na nufi wani babba da na gani tsaye da makullai a hannu, na gaishe shi, na ce Yallaɓai yaya aka yi haka? Ko kallona bai yi sosai ba ya ce, "Hajiya, ai mata ne, ko'ina ma za su iya bugawa." Wallahi haka ya faɗa, da murmushinsa, shi a ganinsa ya ba ni amsa mai gamsarwa. Yarinyar ta jawo gefen mayafina tana cewa, "Goggo, don Allah ki bari, za a ce mun cika ƙorafi, su hana mu ma gaba ɗaya." Wannan maganar tata ta fi ta mai makullai ƙona min rai. An koya wa yarinya 'yar shekara ashirin cewa filin da aka share mata da hannunta alfarma ce, idan ta yi magana a ƙwace.

Ko'ina za su iya bugawa? Ga dukkan alamu mai wannan magana bai taɓa tsalle ya dira a kan siminti ba. Ƙwallon kwando minti arba'in ne, kashi huɗu, minti goma-goma, kuma rabinsa tsalle ne da birki da juyawa nan take. Ba don ado ake shimfiɗa katako a zaure ba, yana ɗan lotsawa ne ya raba wa gwiwa da idon sawu nauyi. Siminti ba ya lotsawa, duk dirar da ka yi ƙashinka ne zai biya. Ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai kamar an barbaɗa gari, takalmi na santsi. Ga iska. Layin maki uku mita 6.75 ne daga kwando, ka jefa ƙwallo daga nan cikin iskar Kaduna ta wannan watan ka gani ko za ta je inda ka aike ta. Dokar wasa ta ce ƙungiya na da daƙiƙa 24 ta kai hari, a zaure akwai agogon da ke nuna wa kowa. A siminti kuwa wani ɗalibi ne riƙe da waya yana ƙirgawa da baki, idan an kira shi a wayar sai lissafi ya ɓace. Maki kuma a bayan kwalin taliya ake rubutawa.

A kashi na biyu doguwar tamu ta tashi kama ƙwallon da ta dawo daga allo, ta sauko ƙafarta ta zame, gwiwa ta daki ƙasa. Dogon wandon da ta sa a ciki ya yage, fata ta saluɓe. Ruwan leda aka zuba mata, wata ta ciro ɗankwali ta ɗaure, ta koma fili tana ɗingishi. Babu akwatin magani, yana cikin zaure, zaure kuma yana hannun masu furanni.

Kuma fa ku ne. Ku ɗin nan da ke karantawa. A watan Agustan 2025 da D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya ta ƙwallon kwando, suka doke Mali a Abijan suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, wa ya hana mu sakat a Facebook? Kowa ya zama masanin ƙwallon kwando cikin dare ɗaya. A 2024 da suka lallasa Ostireliya da Kanada a gasar Olamfik ta Faris, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas, har hoton kocinsu Rena Wakama wasunku suka ɗora a shafinsu. Bayan kofin 2025 ɗin, gwamnatin tarayya ta sanar da dala dubu 100 ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girma, kuka yi ta lissafin nawa ne a naira. Ranar Asabar na ƙirga mu a bakin fili, har da mai awara da yaranta biyu ba mu kai talatin ba.

Kun taɓa tambayar daga ina waɗancan suka fito? Rena Wakama a Amurka aka haife ta, a jami'a can ta buga ƙwallo. Amy Okonkwo, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, a jami'o'in Amurka ta taso. Ezinne Kalu ma a jami'a can ta taso. Wasu ne suka shuka itacen, suka yi ta ban ruwa shekara da shekaru, mu muka zo da tabarma muka shimfiɗa a inuwa muna tafi. Kuma su ma can ba daga sama abin ya faɗo ba. Doka aka yi a 1972 da ta ce duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta bambanta mace da namiji a harkokinta ba, har da wasanni. Daga nan aka fara tilasta wa masu makullai irin namu su raba zaure da lokaci da kuɗi. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a 2024, wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta mata ya fi na maza 'yan kallo a talabijin.

Na san abin da za a zo a rubuta a ƙasa, na ma fara gani. Wai makaranta ba ta da kuɗi, hayar zaure ce ke biyan wuta da gyara. Toh. Mako biyu da suka wuce maza sun buga nasu wasan a wannan zauren, da yamma, da fitila, da lasifika. Ranar ba a buƙatar kuɗin wuta? Asabar nawa ce a shekara? Takardar yaran nan ta riga ta amarya hawa allo. Da ranar wasan maza ce aka zo da kuɗin dina, da an ce wa dangin ango su nemi wata rana, kuma kowa ya san haka. Talauci ba ya zaɓen jinsi. Raini ne ke zaɓa.

Wai ba su da 'yan kallo. Ka mayar da wasa tsakar rana, saura kaɗan a kira azahar, ka sanar saura awa uku, a wurin da babu kujera babu inuwa, sannan ka juyo ka ce mutane ba sa zuwa. Ka ɗaure akuya ka ce ba ta kiwo.

Sai masu cewa ai ba tarbiyyarmu ba ce mace ta yi ta tsalle a gaban jama'a. Ku zan ba amsa a taƙaice don ba da ku nake ba yau. Idan sutura ce damuwarku, tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai, bayan an kai ruwa rana, har 'yan matan Katar suka fice daga gasar Asiya ta 2014 don an ce su cire hijabi. Rabin yaranmu da kansu a rufe suka buga, da dogon wando da riga mai dogon hannu. Kuma in da gaske kuke, ai ku ya kamata ku fi ni fushi. Zaure mai bango da ƙofa aka fitar da su aka kai su bakin hanya, inda duk ɗan acaɓan da ya wuce sai ya rage gudu ya leƙa. Ban ji ko ɗayanku ya yi tari ba.

Wani kuma, mai ilimi ne shi, ya rubuto min cewa ai Masai Ujiri ma a filin waje ya koyi ƙwallo a Zariya, ga shi ya kai ga jagorantar Toronto Raptors suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da shi, ɗan jiharmu ne ta wajen tasowa. Amma ka kawo min labarin wanda ya rasa ya yi haƙuri, ni kuma ina maganar waɗanda suke da shi aka ƙwace. Shi kansa Masai me yake yi yanzu? Gina filaye yake yi a ƙasashen Afirka don kada na baya su sha irin wahalar da ya sha. In kuma filin waje kake so, a Oktoban 2023 'yan matan jami'ar Iowa sun buga a waje, a filin ƙwallon Amurka, gaban mutum 55,646. An fitar da su ne saboda zaure ya yi wa jama'arsu kaɗan. Namu an fitar da su ne saboda kujerun biki.

Bari in faɗi wani abu ba da gatse ba. Ni ma na buga wannan ƙwallon a sakandare, shekaru da yawa da suka wuce. Sau ɗaya aka taɓa kai mu babban zauren filin wasa na Ahmadu Bello. Har yau ina jin ƙarar takalmi a kan katakon nan, da yadda ƙwallo ke dawowa hannu daidai inda ka sa rai. Ranar na ji kamar ni ma wata ce. Ban zama 'yar wasa ba, aure da aiki suka ɗauke ni, ban kuma yi nadama ba. Amma wannan yinin guda ya zauna min a rai fiye da darussa da yawa da aka koya min a aji. Doguwar tamu ta kira mahaifiyarta tun ranar Laraba tana cewa, "Umma, a zaure za mu buga, ki zo ki gani." Abin da aka sayar ke nan, ban san nawa aka karɓa ba.

Sun ci wasan, ga masu tambaya. Da maki shida. Doguwar ta jefa biyu daga kan layi ana saura ƙasa da minti guda, da ɗankwali a gwiwa, duk suka shiga. Da alƙalin wasa ya busa usur suka rungume juna suna ihu, mu 'yan tsirarun muka tafa iya ƙarfinmu, a daidai lokacin masu kiɗan biki suka fara gwada lasifika, sautinsu ya danne namu. Kocin baƙi ta zo ta gaisa da namu kocin, ta ce in sun zo wurinsu a zagaye na biyu a zaure za a buga in sha Allahu. Kunya ta sa na sunkuyar da kai kamar ni na ba da hayar.

Ban ce a kori kowa daga aiki ba. A ba su zaure a ranar da aka rubuta, a lokacin da aka rubuta. Wasansu na gida na gaba yana nan tafe, zan sa ranar a nan, in ga masu hoton Rena Wakama ko za su iya kuɗin Keke.

Af, tunda na tuna. Takalmin yarinyar nan ya buɗe baki a wannan simintin, kuma lamba 44 take sawa. Jiya na zagaye Kasuwar Barci layi-layi, duk wanda na ce wa na mace nake nema sai ya yi dariya ya miƙo min 39. Ɗaya har cewa ya yi, "Hajiya, ko dai na Alhaji ne kike jin kunyar faɗa?" Na maza da na samu mai kyau, mai rufe idon sawu, kuɗin da ya faɗa sai da na nemi wurin zama. Gwanjo fa! Don Allah wanda ya san mai buɗe dilar takalman wasa a Kaduna, ko a Sabon Garin Zariya ne, ya turo min lambarsa ta akwatin saƙo kafin ranar Alhamis.