Ku bar wa yara karkatattun kwanukansu

A dogon hutun nan na sa 'yata mai shekara takwas ajin ginin tukwane da ake yi wa yara a wani ɗakin koyon aikin yumɓu da kowa ke iya zuwa. Abin da na gani da idona a ranar farko shi ya sa nake wannan rubutu, domin har yau yana ci mini rai.

Malamar ta ba kowane yaro curin yumɓu kamar dunƙulen hannu, ta ce ya tura babban yatsa a tsakiya, ya riƙa matsawa yana juyawa har kwano ya fito. Wani yaro kusa da mu ya duƙufa, harshe a waje, kwanonsa gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda. Sai mahaifiyarsa ta miƙa hannu ta karɓa, ta daidaita bakin, ta jiƙa yatsa ta shafe jikin sumul. Kwano kam ya yi kyau. Yaron kuwa ya janye hannayensa ya ɗora a cinya, bai sake taɓa shi ba har aka tashi. Malamar ta ce mata a hankali, "Mama, da kin bar masa kayansa." Na san ƙauna ce ta sa ta, amma wallahi ta ƙwace masa abin da aka kawo shi ya samu.

Mu iyaye mun saba auna kowane aji da abin da yaro ya riƙo zuwa gida. Yumɓu kuwa ba a yi masa gaggawa. Abin da yaro ya gina yau sai ya yi kamar mako ɗaya ko fiye yana bushewa a inuwa. Idan aka sa shi a tanderu da sauran laima a cikinsa, da zafi ya kai digiri 100 ruwan zai zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya tarwatsa abin. Gashin farko yakan kai wajen digiri 1,000, kuma ba a buɗe tanderun sai ya huce da kansa. Bayan nan a shafa ruwan sheƙi, wato ruwan launi da ke sa jikin abin ya yi ƙyalli kamar gilashi, a sake gasawa, wani yumɓun har sama da digiri 1,200. Kafin a gama, kwanon ya tsuke da kusan kashi 10 cikin 100. Shi kansa ruwan sheƙin, launin da yaro ya shafa dishi-dishi ba shi zai gani ba idan wuta ta gama aikinta. Yaron da ya saba latsa waya abu ya fito nan take, a nan dole ya jira makonni, kuma babu maɓallin da zai mayar masa da abin da ya lalace.

'Yata ta gina kunkuru, ta dunƙula shi da kauri, ta ƙi yarda a rarake cikinsa duk da an gaya mata. Ya fashe a tanderu. Ta yi kuka har da shessheƙa, ni ma zuciyata ta karye, na so in ce a yi mata wani a ɓoye. Malamar ba ta rarrashe ta da ƙarya ba. Ta ɗauko gutsattsarin, ta durƙusa daidai tsayinta, ta nuna mata yadda tsakiyar ba ta bushe ba alhali bayan ya bushe. Mako na gaba yarinyar nan da kanta ta ɗauki cokalin katako ta rarake cikin sabon kunkurunta, har tana gargaɗin wadda ke kusa da ita. Sau nawa na yi mata wa'azin cewa sauri ya haifi nawa? Bai taɓa shiga kunnenta ba sai ranar nan.

Af, kafin ku biya kuɗin irin wannan aji, ku tambayi abu biyu. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika, wani sinadari irin na yashi, mai illa ga huhu, don haka wurin kirki da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, ba a share shi da tsintsiya. Sannan ku tabbatar ruwan sheƙinsu babu gubar dalma a ciki. Kada kuma ku matsa lallai sai an ɗora ƙaramin yaro a kan faifan nan mai juyawa don a ɗauki hoto. Ginin hannu, na matsawa da na murza yumɓu kamar igiya a naɗa shi hawa-hawa, shi ne tushe.

Akwai wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu da aka tono a yankin Morabiya na ƙasar Cek a 1925, wanda ya haura shekara 25,000, yana cikin kayan yumɓu mafi daɗewa da aka sani a duniya. Da aka duba shi da na'ura a 2004, sai aka ga zanen yatsan wani yaro, mai shekara tsakanin 7 zuwa 15, wanda ya taɓa shi tun yana ɗanye. Babu wanda ya jiƙa yatsa ya goge wannan tabon. Irinsa ne uwar nan ta shafe daga kwanon ɗanta a gabana.

Kwanon 'yata na farko yana kan teburina yanzu, ya karkata gefe, ba ya zama daidai sai an tokare shi da littafi. A gindinsa akwai ɗan rami inda ta fara tura yatsa. Na gwada sa nawa babban yatsan a ciki, bai shiga ba.