Ni da bindigata da tsohon da ke damana

Waɗanda suka je filin harbi ranar Asabar don Allah ku daina turo min hoton nan, na gani, na gode. Waɗanda ba su je ba kuma gara ku ji daga bakina kafin abokina mai gemu ya riga ni, don shi labari in ya bi ta bakinsa sai ya fito da ƙafafu shida.

Kun dai san bindigar, mai lamba 12 ɗin nan mai ɗura kanta. Nufina ta yi min aiki biyu, harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama da kuma gasar gudu da harbi irin ta IPSC inda ake kayar da farantan ƙarfe agogo na tafiya. To sai na ƙara mata dogon bututun magazin, wato rumbun harsasai, har ya ɗan zarce bakin bindigar, na sa ƙaton hannun sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya fitar da kwanso, da ƙaton maɓallin sakinta, na kai wa makeri ya faɗaɗa ƙofar ɗuri don in riƙa cusa harsashi bibbiyu, na manna ma'ajin harsasai a gefe, na sa jan ido mai ƙyalli na saiti a baki, na canza 'yan siraran farantan da ke tsakanin gindi da jiki don ta zauna daidai kuncina. Har da fitila. Kar wanda ya tambaye ni aikin fitila da rana tsaka, tare da maƙalinta aka sayar min.

Ranar ba a buɗe ɓangaren ƙarfe ba sai na ce bari in shiga layin tiraf, wato na harbin faifai, in gwada ta, mutum biyar ake jerawa, faifai 25 kowa, kuma tsautsayi ya sa wanda ya tsaya a damana shi ne tsohon nan. Kun gane shi. Mai bindiga baki biyu sama da ƙasa, wadda aka yi wa zanen tsuntsaye a jiki, gindinta katakon walnot yana sheƙi. Mutumin da in ya harba sai ya karya bindigar, wato ya buɗe ta, a hankali ya tare kwanson da tafin hannu ya jefa a aljihu, bai taɓa barin ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba, kuma kullum sai ya waiga ya ga ko an gani. Ni dama akwai 'yar tsama tsakaninmu tun ranar da ya ɗauke jakata daga kan benci ya ajiye a ƙasa wai nan wurinsa ne. Bencin da ba a rubuta sunan kowa ba! Na gaishe shi ranar ya amsa da hanci, na kuma gaishe shi wata ranar ya ce min in daina magana mutane na saiti, alhali ba wanda ke kan layi, injin ma a kashe yake. Kuma wallahi na taɓa ganinsa da idona ya kuskure faifai ya ɗora wa iska, ranar ko ganye ba ya motsi.

Ina ɗora bindigar a kafaɗa ya dube ta daga baki har gindi, ya dawo ya kuma dubawa, sannan ya ce, "Yaro, yaƙi aka ce maka za a yi?"

Na ce, "A'a Baba, gwaji ne kawai."

Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Biyu dai ake sawa a nan, ka sani ko?"

Na sani mana. Dokar fili ce, harsashi biyu, in na farko ya kuskure ka bi da na biyu. Sai dai yadda ya faɗe ta yana kallon dogon bututun nan nawa da babu komai a cikinsa sai sifirin, shi ne abin da ya tsaya min a wuya.

Aka zo kaina. Na ce ful, wato a sako faifai, faifai ya tashi, na danna kunama, faifai ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau. Na bi shi da na biyu, kunama ta yi shiru. Na kuma dannawa, shiru. Na duba sai ga kwanso ya maƙale a ƙofar fita, rabi ciki rabi waje, ya yi tsaye kamar sigari a bakin ɗan tasha. Baki na gaba, na ja sakata na zare shi, na ce ai sabon gyara ne za ta ware. Zagaye ya dawo, haka. Ya kuma dawowa, haka.

Nan ne mai gemu ya ga dama ta samu. Daga bayan layi fa, inda kowa ke ji, da abin toshe kunne a kunnensa don haka bai san ihu yake yi ba, ya fara karantar da jama'a cewa ai bindigata ba mai gas ba ce. Mai gas akwai 'yan huji a cikin bututu da ke satar hayaƙin harbi ya tura fistin, fistin ya tura sakata baya. Irin tawa kuwa da shurin bindigar take aiki, bindiga ta zabura baya, jikin sakata ya tsaya cak saboda nauyinsa, wani ɗan gajeren sifirin mai tauri da ke ciki ya matse, sannan ya saki ya wurga sakatar baya ta tofar da kwanso. To in ka lafta wa bindiga kaya ta yi nauyi ba za ta zabura sosai ba, ga shi kuma na sa harsashi mai giram 24, irin wanda ake harbawa a Olamfik, marar shuri. Duk gaskiya ne abin da ya faɗa, ban musa ba. Abin da bai gaya musu ba shi ne wa ya ce in sayi ma'ajin gefen, wa ya riƙe min fitilar ina ɗaure ta, wa ya ce ta yi kyau. Har ya zarce wai tun 1900 John Browning ya yi rajistar Auto-5 kuma ita bututunta ne gaba ɗaya ke ja baya, wanda ba wanda ya tambaye shi, rafali ma sai da ya ɗaga masa hannu.

Ya miƙo min kwalin nasa mai giram 32. Na sa. Na ce ful.

Jama'a bindiga ta tashi. Sakata ta yi aikinta tsaf, kwanso ya fita da ƙarfinsa ta dama, ina ganinsa ta wutsiyar ido yana juyawa a sama, ja da ɗan gindin tagulla, ya yi tafiyarsa bai tsaya ko'ina ba sai a kan katakon walnot ɗin nan. Ƙwas. Ni da abin kunne na ji wannan ƙwas ɗin, har yau ina jinsa. Faifan kuwa ban ma san inda ya nufa ba.

Layi ya yi tsit. Shi ne mai harbi na gaba amma bai ce ful ba. Ya sauke bindigar, ya zare harsasansa ya sa a aljihu, ya zaro hankici, ya goge wurin, ya ɗaga gindin sama yana juya shi a hasken rana, ya hura masa iska, ya kuma gogewa, ya cire gilashin harbi ya sa na karatu ya kuma dubawa. Mutum huɗu da rafali muna tsaye muna kallo. Bai ce min uffan ba, da ma zagina ya yi. Na ce, "Baba a yi haƙuri," ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya dube ni ba, irin ɗagawar da ake yi wa yaro a ce bari manya su gama. Ba ko ƙwarzane fa! Daga baya na faki ido na leƙa, babu komai, katakon ma an shafe shi da mai ya fi goshina santsi.

Muka matsa dama kowa ya canza matsayi, shi yana nan dai a damana. Na ɗan karkata jikina don kwanson ya faɗi gaba. Ashe karkatar ce ta gyara masa hanya, na gaba ya tashi sama sosai ya sauko ta bayan wuyan rigarsa, da zafinsa. Zan ba shi abu ɗaya, sai da ya tabbatar bindigarsa a karye take bakinta na ƙasa kafin ya fara rawar. Amma ya yi ta. Kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, hannu a baya yana lalube, hula ta zame. Yaron da ke rubuta maki ya rufe fuska da allo, allon yana girgiza.

Da ya ciro kwanson bai jefar ba, a aljihu ya sa, tare da nasa. Sannan ya sa hannu a ɗayan aljihun ya fito da robar ɗaure takardu. Wato mutumin nan yawo yake da su, ya tanada saboda irinmu, wannan shi ya fi ƙona min rai. Ya ce, "Buɗe ta, yaro." Na buɗe, ya leƙa ya ga ba komai ciki, ya zura robar ta zagaye jikin bindigar daidai ƙofar fita don ta riƙa tare kwanso, ya ɗan ja ta ya saki ta yi tas, ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa," ya koma wurinsa. Robar ruwan hoda ce. Ita ce a hoton.

Haka na ƙarasa zagayen, bindigar da na yi wa magazin mai tsawon hannu ta koma harsashi ɗaya ɗaya, in harba in zare kwanso da yatsa. Maki kuwa a bar zancen. Cok ɗin da ke ciki, wato matsin bakin bututu da ke haɗa kan ƙwayoyin harsashi, buɗaɗɗe ne na farantan kusa, faifan tiraf kuma gudu yake yana nisa, faɗinsa duka milimita 110, kafin ƙwayoyin dalma su cim masa sun watse ya bi ta tsakaninsu ya wuce. Ga jan idon nan mai ƙyalli da ke ta jan idona, ana cewa faifai ake kallo ba bakin bindiga ba, to wa ya ce su yi shi da haske haka.

Bayan an tashi mai gemu ya ce in kwance ƙarin magazin ɗin mu ga ko za ta ɗura mai giram 24. Na zauna a benci, ba nasa ba, ɗaya bencin, bindiga a buɗe ba komai ciki, na fara murɗa bututun. Mai gemu ya ce ya ce min in danne da hannu. Bai ce ba. Dogon sifirin ɗin ya yi tsalle ya bi ta saman kan yaron maki ya faɗa ciyawa, muka duƙa mu uku muna nema, tsohon ya zo wucewa da jakarsa ya tsaya ya kalle mu ya ce, "Wannan kam ta yi nisa, ita ce harbin da ya fi kyau yau." Kuma wai an ce ba ya wasa da mutane.

Sifirin dai ba mu gan shi ba, in mai yankan ciyawa ya tsinta a ajiye min a ofis. Na yi odar wani bai iso ba. Mai gemu kuma yana bina kuɗin kwalin harsashinsa, na ce ya fara goge hoton a wayarsa tukuna, ya ce ai ba shi ya ɗauka ba.