Rumbun da ka manta da shi yana nan yana cin dala

'Yan'uwana matasa masu haɗa manhaja, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Kullum kukanmu ɗaya ne: dala ta tashi, kuɗin AWS, wato sashen Amazon da muke hayar kwamfutoci da wurin ajiya a intanet daga wurinsa, ya fi ƙarfinmu. To, yaushe rabonka da ka zauna ka duba takardar lissafin layi-layi?

Na taɓa karɓar aiki a wani ƙaramin kamfani, na tarar da rumbun bayanai uku a kunne, alhali ɗaya kaɗai manhajar ke taɓawa. Na biyu na gwaji ne, wanda ya buɗe shi ma ya daɗe da barin aiki. Na ukun yana can yankin Ayilan, inda ba mai leƙawa, domin shafin sarrafa AWS yanki ɗaya yake nuna maka a lokaci guda. Wata da watanni ana biya, kowa na zaton na wani ne.

RDS, wato sashen AWS da ke riƙe maka rumbun bayanai, da awa yake caji, ko an shiga ko ba a shiga ba. Mako awa 168 ne, kai kuwa da ƙyar kake aikin awa 50. Rumbun gwajin da ke kwana a kunne tamkar janareta ne da aka bari yana ruri a shagon da aka kulle.

Kada kuma ka ce ai ka danna tsayarwa, shi ke nan. Bayan kwana 7 RDS da kansa zai sake tayar da shi, kuma ko yana tsaye kuɗin wurin ajiya na tafiya. Haka kwafin rumbun da ka ɗauka da hannunka, ba ya gogewa sai ka goge shi. Adireshin IPv4 na fili ma, wato lambar da ake isa ga rumbun da ita ta intanet, tun Fabrairun 2024 ya zama na kuɗi.

Shiga CloudWatch, wato sashen sa ido na AWS, ka duba DatabaseConnections, layin da ke nuna yawan masu shiga rumbun. Idan layin ya kwanta a sifili, ka kama ɓarawonka. Amma don Allah banda gaggawa, akwai rumbun da sai ƙarshen wata ake taɓa shi don albashi ko rahoto. Duba na wata guda cur, ka tambayi abokan aiki, ka ɗauki kwafin ƙarshe, sannan ka goge.

Wanda duk zai buɗe sabo daga yau, ya liƙa masa sunansa da ranar da za a rufe shi. Wanda aka samu ba suna, ranar Juma'a za mu yi maganarsa.