Sikanin ba na masu juna biyu kaɗai ba ne

Mutane da dama sun ɗauka na'urar sikanin ta duba jariri ce kawai. Shi ya sa idan aka kawo wanda ya yi haɗarin mota, likita ya shafa masa man nan mai sanyi a ciki, sai 'yan uwa su ga kamar ɓata lokaci ake yi.

Jini yake nema. Cikin 'yan mintuna zai leƙa tsakanin hanta da ƙodar dama, gefen saifa, bayan mafitsara, da jakar da ke lulluɓe da zuciya. Jinin da ya zuba a ciki baƙi wuluk yake fitowa a allo. Idan ya gan shi, ga bugun jinin majiyyaci ya faɗi, sai ɗakin tiyata, ba jira.

Riƙe na'urar ba wuya, karanta hoton ne aiki. A Amurka, likitan gaggawa da ke son ƙwarewa a wannan fanni kan ƙara shekara 1 ta horo bayan ya gama na ƙwararru. Cikin abin da ake nanata masa: jini kaɗan yana iya ɓuya, don haka idan hoton farko bai nuna komai ba, a sake dubawa.